TSUNTSAYEN BURTALI DA ABIN DA SUKE SHAIDA WA MAI FATAUCIN SHANU

 A wannan fitowa mun ɗan ajiye maganar kuɗin duwan da tsadar dusa, za mu yi batun tsuntsaye. Mun san wani zai ce ina ruwan mai shanu da tsuntsu, shi ba maharbi ba, ba kuma yaro mai ɗanko ba. To, ruwansa ne ƙwarai. Daga Abalak zuwa Illela, daga Tanut zuwa Maigatari, daga Masakori zuwa Gamborun Ngala, babu garken da ke tafiya shi kaɗai. Akwai masu fiffike da ke biye da shi, wasu a ƙasa, wasu bisa bayan sa, wasu can sama inda ido ke gaza kaiwa. Kowannensu abincinsa yake nema, amma a cikin neman nan yana nuna mana inda miki yake, inda mushe yake, inda ruwa yake, da lokacin da damina ta ƙarato. Wanda ya iya rarrabe su ya samu ɗan rakiya ba da ko dala ba. Wanda ya rikita su kuwa, sai ya karanta alama a baibai, asarar kuma a kan dukiyarsa take faɗawa.

Manyanmu da suka yi kora da ƙafa wata da watanni sun san wannan karatu. Yanzu da kamyo ya ɗauke rabin tafiyar, yaranmu da yawa duk fari balbela ne a wurinsu, duk baƙi mai jewa ungulu ce. Shi ya sa muka ga ya kamata a rubuta.

ABU HUƊU DA AKE DUBAWA

Launi shi ne abin da ido ke fara kamawa, shi ne kuma ya fi ruɗin mutum, domin ƙura da hasken rana suna sauya shi. Don haka a fara da girma: ya kai kurciya, ko kaza, ko talotalo? Na biyu a dubi baki da ƙafa, tsawonsu da launinsu. Na uku a lura da inda ya sauka: ƙasa, bisa dabba, cikin ruwa, ko ƙololuwar itace. Na huɗu, wanda ya fi duka, mene ne yake yi a wurin? Kamar yadda ba ma sayen sa don launin gashinsa sai mun dubi haƙori da tafiya da tozo, haka tsuntsu, sai an haɗa huɗun nan sannan a kira sunansa.

BALBELA, CI DA MOTSIN WANI

Kowa ya san ta, Fulani na ce mata nyalel. Fara ce fat, gajeren wuya mai kauri, baki rawaya. Da damina, lokacin da take saƙar sheƙa, gashin kanta da ƙirjinta da bayanta yakan yi ja-ja kamar an shafa mata jar ƙasa. Akwai wata 'yar'uwarta da ake rikita su, siririya, mai baƙin baki da baƙaƙen ƙafafu da yatsu rawaya. Wannan ba ta bin shanu, a bakin ruwa take tsayawa tana kamun kifi. In ka ga fara mai baƙin baki, ruwa ne kusa. In mai rawayan baki ce, ba lalle ba.

Abin da ya kamata a gyara shi ne zaton da ake yi cewa balbela na cire wa shanu kaska. Kirarinta ma ya faɗi gaskiya: da motsin wani take ci. Tana bin sawun sa ne domin fara da ƙwari da ƙananan kwaɗi da ƙadangaru da kofato ke tayarwa daga cikin ciyawa. Ko ta hau bayan saniya, yawanci hutu take ko hangen fara. Kada wani ya ga balbela ta cika garkensa ya ce ya huta da sayen maganin kaska.

Amfaninta a wurinmu wani ne daban. Idan ka hango farare suna tashi suna sauka a wuri guda can nesa cikin daji, akwai dabbobi a nan. Da haka ake gano shanun da suka ɓalle, da haka kuma ake sanin akwai wani garke a gaba kan burtali, a ja baya kada a cuɗanya. Da yamma kuma sukan yi layi su nufi itacen da suke kwana, wanda galibi a bakin tabki yake ko cikin gari. Baƙo a ƙasar da bai sani ba, in ya bi layin nan da ido, ya san gabar da mutane suke. Tsuntsuwa ce mai fatauci kamarmu: da fiffikenta ta ƙetare teku, aka gan ta a Amurka ta Kudu a 1877, ta kai har ta yi sheƙa a Fulorida ta Amurka a 1953, duk tana bin shanu.

CARKI, LIKITA MAI CIN LADA A JIKIN MAJINYACI

Carki bai kai kurciya ba. Launinsa ƙasa-ƙasa ne, ƙugunsa ya fi haske, idonsa ja, bakinsa mai kauri rawaya daga tushe, ja a tsini. Irin namu na yammacin Afirka ke nan. Na gabashin Afirka bakinsa ja ne gaba ɗaya. Ba a cika ganinsa a ƙasa ba. A jikin dabba yake yini, ya maƙale da farce masu kaifi, ya dogara da jelarsa mai tauri, yana hawa yana sauka har ƙarƙashin ciki da cikin kunne. In ka matso sai ya zagaya ɗaya gefen san yana leƙenka, ko ya tashi da wani kuka mai kama da huci.

Shi ne mai cin kaska na gaskiya, ya fi son wadda ta sha jini ta ƙoshi. Amma fa jinin yake so, don haka in ya samu miki ba ya barinsa ya warke. Ya yi ta tsattsagar ɓawon yana sha, ƙaramin ƙurji ya zama gyambo, ƙuda ya zo ya yi tsutsa. Wani bincike da aka yi kan shanu a Zimbabuwe, wanda ya fito a 2000, ya nuna shanun da aka hana mai jan baki sauka a kansu ba su fi sauran yawan kaska ba, amma mikinsu ya fi saurin warkewa.

Ga inda ɗan kasuwa zai ci riba. A kara ko a zango, kafin ka sa hannu a ciniki, tsaya nesa ka ɗan yi kallo. Idan carki na yawo a jikin shanu daban-daban, kaska yake bi, ka san garken na bukatar wanka. Idan kuwa ya nace wa sa guda, a wuri guda, an kore shi ya dawo, je ka duba nan ɗin: gindin wutsiya, hammata, tsakanin cinyoyi, cikin kunne, gindin tozo, ko inda igiya ta ci. Akwai masu shafe miki da toka ko kashin shanu ko baƙin mai don ya saje da gashi. Ana iya rufe idon mai saye, amma ba a rufe na carki. Miki kuwa a kan doguwar hanya kudu, cikin zafi da cunkoson mota, shi ne san da ke kwantawa kafin a kai Legas, ga shi kuma yana karya kuɗin ƙirgi. A tuna kuma babbar kaskar nan mai zane a baya, wadda ke yawaita da damina, ita ce ke buɗe wa kirci ƙofa.

Abin yi shi ne a wanke mikin, a sa magani, a rufe shi yadda tsuntsu ba zai kai ba. Ba kashe carki ne magani ba. A Afirka ta Kudu, maganin wankan shanu mai guba na zamanin da yana cikin abin da ya kawar da mai rawayan baki daga ƙasar shekaru da dama, sai a 1979 aka sake ganinsa ya dawo dajin Kuruga. Mu ma a nan, duk inda ake yawan feshi da zuba magani a baya, carki ya ja baya.

Kada a rikita shi da carkin giwa. Wannan baƙi ne wuluk, mai doguwar jela, ya fi carki girma nesa, yana tafiya ƙungiya-ƙungiya da surutu, ya fi son wurin da giginya take. Yakan hau bayan saniya ko tunkiya, amma yawancin abincinsa a ƙasa yake tsinta kamar balbela. Ganinsa a kan sa ba shaidar miki ba ce.

UNGULU DA MANYAN DANGINTA

Nan ne maganar ta fi nauyi. Ungulun da muka saba gani a kwata da bayan kasuwa ita ce ƙaramar cikinsu: launin ƙasa mai duhu, siririn baki, fuska tsirara ja-ja wadda ke ƙara ja in ta harzuƙa, da ɗan gashi a ƙeya kamar hula. Ita ce mai zama da mutane. Manyan kuwa 'yan daji ne. Akwai mikiya, wasu su ce maiki, mai dogon wuya, wadda gashin jikinta ke da fari-fari a baki-baki kamar ɓawon kifi, bakinta kuma mai haske. A kan duwatsu take sheƙa, irin na Kutus da ke arewa da Gure. Ita ce wadda ta yi karo da jirgin sama a bisa Abijan a 1973, a tsayin mita 11,300. Akwai mai farin ƙugu, baƙin baki, wadda ke sheƙa a kan itace, farin kuma sai ta buɗe fiffike ake ganinsa. Akwai kuma babbansu duka, baƙi, mai jan kai da fata a naɗe gefen wuya da ƙaton baki, wanda ke iya yaga fatar da ta gagari saura. Fulani duka dutal suke ce masu.

Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza, gaskiya ne, amma jewa iri biyu ce. Da hantsi, in ƙasa ta ɗau zafi, sukan yi ta kewayawa suna yin sama ba tare da kaɗa fiffike ba. Wannan iska mai ɗumi suke hawa, ba su ga komai ba tukuna. Amma in ka ga suna gangarowa daga kusurwa daban-daban zuwa wuri guda, fiffike a ɗan naɗe, ƙafafu a sake, to mushe ne ko dabbar da ta kusa. Da ido suke nema, ba da hanci ba, kowace kuma tana lura da 'yar'uwarta. Sau da yawa gaggafa ce ke riga su gani. Ana gane ta da jar fuska da jajayen ƙafafu, jela gajeriya kamar babu, tana tafiya a sama tana ɗan karkata dama da hagu. Borin tinke, babba da jaka, shi kuma ya zo ya tsaya gefe da ƙaton bakinsa yana jiran rabo.

Idan aka hango irin wannan saukar a gaban garke, a tsayar da shanu, mutum ɗaya ya je ya gani, ya tsaya ta inda iska ke fitowa. Abu uku zai iya tararwa. Ko dabbar da yunwa ko ƙishi ya kayar, wannan da sauƙi. Ko kuwa mushe ya kumbura da wuri, baƙin jini da ba ya daskarewa na fita ta hanci da baki da dubura. Wannan alamar ciwon saifa ce, wanda likitoci ke kira antaraks, masu faransanci su ce sharbon. Kada a feɗe, kada a buɗe ciki, kada a ja shi a ƙasa, domin ƙwayar cutar in ta sha iska takan yi sulke ta zauna cikin ƙasa shekaru aru-aru, kuma tana kama mutum. A rufe shi da ƙaya yadda kare da ungulu ba za su buɗe shi ba, a kewaye da garke nesa, a sanar da likitan dabbobi mafi kusa don a ƙone ko a binne da zurfi. Ba tsohon labari ba ne: a 2023 ciwon ya ɓulla a arewa maso gabashin Gana, aka hana zirga-zirgar dabbobi da yanka a yankin na wani lokaci, a watan Yuli na shekarar kuma aka tabbatar da shi a wata gona kusa da Suleja. Kowa ya san abin da rufe kasuwa ke yi wa jarin ɗan fatauci.

Na uku, ya tarar da mushe, ga ungulaye a mace kewaye da shi, ga matattun ƙudaje, wataƙila da dila ko kare. Wannan guba ce aka zuba. Kada shanu su yi kiwo a nan, kada su sha ruwan da ke kusa, kada karen garke ya matsa.

INA UNGULAYEN SUKA TAFI?

Duk wanda ya haura shekara arba'in a wannan sana'a ya san kwatar Maraɗi ko ta Damagaram ko ta Garwa ba ta cika da ungulu yadda take cika a da. Wani masani Bafaranshe mai suna Thiollay ya ƙidaya tsuntsaye a kan hanyoyin Burkina da Mali da Nijar tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin nan a 2003 da 2004. Ya tarar manyan ungulayen daji, in an fita daga gandun da gwamnati ke tsaro, sun ragu da sama da kashi 90 cikin ɗari. A 2015 aka sa ungulun gari da mikiya da mai farin ƙugu a jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya.

Guba ce kan gaba. Makiyayi ya ji haushin kura ko dila, ya zuba maganin ƙwarin gona a mushe, kafin kura ta zo da dare ungulaye sun riga ta da rana. Mushe guda na iya kashe ɗaruruwa: a Botsuwana a 2019 ungulu 537 suka mutu a kan gawar giwaye uku da mafarauta suka sa wa guba. Sai kuma masu neman kai da ƙafa don kai wa bokaye. A Gini Bisau a 2020 an kashe ungulun gari fiye da 2,000 ta wannan hanya, da yawa an tarar an yanke kawunansu.

Darasi mafi girma daga Indiya ya zo, kuma ta kan shanu ya zo. An riƙa yi wa shanu allurar kashe zafi mai suna diclofenac. Saniya ta mutu da maganin a jikinta, ungulu ta ci, ƙodarta ta lalace, cikin 'yan kwanaki ta mutu. Tsakanin 1992 da 2007 wani irin ungulun ƙasar ya ragu da kashi 99.9 cikin ɗari. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan banza suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru, ruwan sha ya ɓaci. A 2006 Indiya da Pakistan da Nefal suka hana amfani da maganin ga dabbobi. Wani bincike da ya fito a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane kusan dubu ɗari biyar a Indiya tsakanin 2000 da 2005.

Jama'a, ungulu leburan tsabta ce da ba a biya. Cikinta na da ƙarfin narke ƙwayoyin cuta da yawa, taronsu kuma na iya share saniya cikin ƙanƙanen lokaci. In babu ita, kare da ɓera da ƙuda ke gadon aikin, su kuwa har cikin zango suke shigowa. Don haka abu uku muke roƙo. A karanta kwalba kafin a yi allura, in diclofenac ne ko ketoprofen a tambayi likita ya ba da meloxicam, wanda aka gwada aka ga ba ya kashe ungulu. Dabbar da ta mutu ana cikin yi mata magani a binne ta, kada a yar a bayan gari. Direbobinmu da yaran mota kuma kada su karɓi ƙunshin da ba su san cikinsa ba. Ƙetare iyaka da sassan waɗannan tsuntsaye ba da takarda ba laifi ne, in aka kama kuwa motar duka ake tsarewa, shanu na tsaye cikin rana.

SHAMUWA DA LISSAFIN DAMINA

Shamuwa baƙa ce mai ɗan sheƙi, cikinta da ƙugunta fari, fuskarta shuɗiya da ɗan ja gaban ido, gwiwa da yatsu jajaye. Rani a kudancin Afirka take yinsa, ta iso mana wajen watan Afrilu zuwa Mayu, ta yi sheƙa a tsamiya ko kuka ko gawo a tsakiyar gari, ba mai taɓa ta. Abincinta fara da tsutsa.

Zuwanta ba ya nufin gobe za a yi ruwa, takan riga shi da makonni. Abin da take gaya mana shi ne lokaci ya ƙure. Mai niyyar kora da ƙafa ya tashi yanzu, kafin a yi shuka gonaki su matse burtali, a shiga rigima da manoma da biyan ɓarna. Mai ramammun shanu ya san ruwan fari da ɗanyar ciyawa na kayar da raunana, ya yanke shawara ko ya sayar ko ya ƙara abinci. Mai nufin kudu ya tanadi maganin kaska da na sammore, domin can damina ta riga ta sauka, ƙudan tsando ya tashi. Idan kuma ka ga shamuwa na taruwa da yawa a fili wajen Satumba zuwa Oktoba, haramar tafiya take, damina ta zo ƙarshe, shanu sun yi ƙiba, kasuwannin arewa za su cika.

Akwai wata mai kama da ita a tsayuwa, ta fi ta girma, fara mai baƙin fiffike, jan baki da jajayen ƙafafu. Wannan daga Turai take zuwa, da rani, tana bin fara da wurin da wuta ta ci. Wasu ma da zobe a ƙafa. Ba ta da haɗi da ruwan sama, kada a yi lissafi da ita.

MASU NUNA RUWA DA MASU RUƊI

Ƙa'ida ɗaya ce a riƙe: tsuntsu mai cin tsaba dole ya sha ruwa kullum, mai cin ƙwari ko nama ba dole ba. Don haka kurciya da ƙananan tsuntsaye irin su jan baki su ne abin bi. Da sassafe da kuma kafin faɗuwar rana, in ka ga kurciyoyi na wucewa ƙasa-ƙasa, da sauri, kai tsaye, duk gaba guda, mashaya suka nufa. A can arewa akwai wani mai siffar tattabara da launin rairayi, gajerun ƙafafu, fiffike mai tsini, da ke zuwa ruwa garke-garke a lokaci guda kullum, wani iri da hantsi, wani bayan magariba. Namijin yakan jiƙa gashin cikinsa ya kai wa 'ya'yansa ruwa. Gabar da ya nufa gaskiya ce, amma yana iya cin kilomita gommai, don haka shi hanya yake nunawa, ba ya faɗin nisa.

Tuje da burtu kada a dogara da su. Tuje na iya daɗewa bai sha ba. Burtu, baƙin nan mai girman talotalo da ƙaho bisa baki, namiji da jan maƙogwaro, mace da shuɗi, ganinsa na nuna daji ne da mutane ba su dama ba, akwai ciyawa, amma bai ce akwai ruwa ba.

Gauraka mai tuntun zinariya, da dinya, da kirinjijiya mai fito da dare, da zalɓe, waɗannan na fadama ne da ruwa kwantacce, irin na Madarumfa da Tabalak da bakin Komadugu da fadamar Logon da tabkin Fitri. Ganinsu albishir ne ga mai ƙishi, gargaɗi ne kuma, domin a irin wannan ruwa ƙananan katantanwa ke ɗauke da tsutsar hanta. San da ya yi rani a nan, a ba shi magani, mai saye kuma ya sa wannan a lissafi kafin mahauci ya buɗe ciki ya dawo da ƙorafi. In kuma aka tarar da tsuntsayen ruwa da yawa a mace a bakin tabki, kada a taɓa, kada yara su kwasa, a kai rahoto. Ba mu manta murar tsuntsaye ta 2006 ba, wadda ta ɓulla a jihar Kaduna ta kai har Magarya.

MASU GARGAƊI

Shirwa ana gane ta da jela mai baki biyu kamar an yanke da almakashi, tana murɗa ta a sama. In ka ga shirwa da yawa na shawagi ƙasa-ƙasa a gaba guda da rani, dubi da kyau, sau da yawa wutar daji ce, suna cafke farar da ke gudu. Tun hayaƙi bai yi kauri ba ka san inda za ka karkata garke.

Zakaran ƙeƙuwa, mai dogayen ƙafafu, baƙin kai da ƙirji, farin kumatu, a bakin ruwa yake, ba ya barin komai ya wuce bai yi ƙara ba, dare ko rana. Haka zabin daji da fakara. In an kwana a daji aka ji sun ɓarke da kuka daga gefe guda cikin tsakar dare, wani abu ne ya gifta, ko mai ƙafa huɗu ko mai biyu. A wannan zamani na ɓarayin shanu ba a raina irin wannan.

Jan baki kuma, in sun taso kamar hayaƙi a ƙasashen tabkin Cadi da fadamun Haɗeja, gwamnatoci kan yi masu feshin guba a inda suke kwana, yawanci da magariba. Baƙo ya tambayi mutanen gari ko an yi feshi kwanan nan kafin ya saki shanu a ciyawa da ruwan wurin.

'Yan'uwa, wannan karatu ba ya bukatar allo ko tawada. Duk wanda ke da yara masu kora, in an sauka zango ya nuna masu tsuntsu biyu ko uku, ya tambaye su baki, ƙafa, inda ya sauka, da abin da yake yi. Muna kuma roƙon rassanmu na Cadi da Kamaru da Gana da Burkina su aiko wa sakataren ƙungiya sunayen waɗannan tsuntsaye da Fillanci da Barbarci da Zabarmanci da Larabcin Shuwa, tare da kasuwannin da har yanzu ake ganin ungulu da waɗanda ta ɓace, domin mu buga a fitowa ta gaba. Allah ya kiyaye hanya, ya tsare dukiya, ya ba da kasuwa mai albarka, amin.